Za a Hau Sama

Ranar da Alhaji Harisu ya sayo dish na kama tashoshin talabijin, bai bari an shiga da shi gida ba. Jingine shi ya yi da dakalin ƙofar zaure, fari tas kamar sabon faranti, ya zauna kusa da shi yana amsa gaisuwa har la'asar. Harisu fataucin raguna da shanu yake yi tsakanin Daura da Zango da Mai'aduwa, kuma wallahi ba mugun mutum ba ne. Hannunsa a sake yake, ba a taɓa jin ya zagi iyalinsa ba. Amma son a sani! Mutumin da in ya ɗinka sabuwar riga sai ya bi ta doguwar hanya zuwa masallaci, me za ka ce masa?

Washegari Ya'u mai ɗaura dish ya zo da sifana a aljihu da naɗin waya a kafaɗa. Aka yi masa iso, ya shiga tsakar gida, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya zagaya, sannan ya nuna wani fili kusa da rumbu.

Ya ce, "Alhaji, nan ya fi. A kafa ƙarfe a ƙasa a zuba masa siminti. Babu bishiyar da ta tare shi, katanga kuma ta kare masa iska."

Harisu ya ce, "A ƙasa? Kamar turken akuya? To wa zai gan shi a nan?"

"Ai ba shi ake so a gani ba, Alhaji, shi ake so ya ga sama."

"Kai dai kai shi saman soron zaure, kusa da zanko, inda mai fitowa daga wajen rijiyar Kusugu zai hango shi."

Ya'u ya ce soron ƙasa ne, noti ba zai kama da kyau ba, ga damina tana tafe da iskarta. Ya faɗa ya sake faɗa. Ina! Harisu ya riga ya ga abinsa a sama tun yana cikin mota. Ya'u ya ɗaga kafaɗa ya je neman tsani.

To, a unguwar su Harisu namiji ba ya ɗora ƙafa a tsani haka kawai. Gidajen a manne suke da juna, wanda ya hau soron Harisu kuwa tsakar gida uku zai gani tarwai: ta Malam Kalilu a baya, ta Talatu a dama, ta Rabi a hagu. Mata kuma a tsakar gidansu suke rayuwarsu, da ɗaurin ƙirji, kai babu ɗankwali, wata na daka, wata na wanka a bayan zana. Don haka tun kakanni, mai hawa zai tsaya a gindin tsani ya ɗaga murya ya ce, "Za a hau sama!" Sai ya jira. Kowane gida sai ya amsa da kansa. Idan matan sun shige ɗaki su ce, "A hau!" Idan akwai uzuri su ce, "A dakata!" shi kuma ya dakata, ko zai kai yamma. Ba wanda ya taɓa jin nauyin wannan, domin wa ke hawa? Magini ne in zai yi yaɓe kafin ruwa, sai mai gyaran indararo. Sau ɗaya a shekara, an wuce wurin.

Ya'u ya yi kira, gidaje suka amsa, ya hau ya ɗaure dish a jikin zanko. Hoto ya kawo raɗau. Harisu ya fita titi ya ja da baya, ya ɗaga kai yana kallo har hularsa ta kusa faɗuwa.

Matarsa Siddiƙa ta ci gaba da aikinta. Ita dish bai dame ta ba, a sama yake ko a ƙasa. Abin da ya dame ta a gidan nan gaba ɗaya wata 'yar ƙofa ce a katangar baya, wadda sai mutum ya sunkuya yake wucewa, ta ɓulla gidan Malam Kalilu. Gidajen biyu baya suka ba juna. Zauren Harisu na kallon titi, na Malam Kalilu na can wani lungu daban, in za ka zagaya sai ka wuce teburin mai shayi da rumfar mahauta da majalisar 'yan acaɓa. Ta 'yar ƙofar nan kuwa taku kaɗan ne, ba hijabi, ba neman izini.

Daga Baure aka kawo Siddiƙa, ba ta da kowa a Daura. Safiyarta ta farko a gidan, tana zaune ta rasa inda ake ajiye ashana, sai ga wata mata ta sunkuyo ta ƙofar da kwanon kunu a hannu tana cewa, "Ina baƙuwar tamu?" Iya Maijidda ke nan, matar Malam Kalilu. Daga ranar Siddiƙa ta yi uwa. Iya ce ta karɓi haihuwarta duka, ita ta yi mata wankan jego, ita ta koya mata yadda ake yi wa Harisu magana in ya hau dokin zuciya. Yanzu shekaru sun ja, 'ya'yan Iya mata duk sun yi aure nesa, gwiwoyinta sun kumbura har ba ta iya kaiwa bakin rijiya. Kowace safiya Siddiƙa ke sunkuyawa ta ƙofar da tafasasshen ruwa da tsumma ta gasa mata su, su yi hira, ta share mata tsakar gida, ta dawo kafin kokonta ya huce.

Sai damina ta fara turo iskarta. Hadari ya haɗo, ko ruwa bai zuba ba, iska ta kaɗa dish ya ɗan juya kai, talabijin ta ɗauke. A kira Ya'u. "Za a hau sama!" Mata su watsar da abin da suke yi su ruga ɗaki. Bayan kwana biyu wata iskar. "Za a hau sama!" Tuwon Talatu ya kama a tukunya tana kallonsa ta labule. Kajin Rabi suka cinye geron da ta shanya. Abu ya zama kamar kiran salla, sai dai shi ba lada. Mata suka fara tsaki ta kan katanga, Siddiƙa tana ji, kunya kamar ta nutse.

Ana nan, wata ranar da hantsi dish ya sake juyawa, Ya'u kuma ya tafi aiki Baure. Harisu na son jin labarai. Ya ce shi me zai gagare shi, ba juyawa ba ce kawai? Ya jingina tsani, ya ce "Za a hau sama" sau ɗaya, ciki-ciki kamar mai jin kunyar muryarsa, bai jira kowa ba ya haye. Iya kuwa tana zaune a tabarma a tsakar gidanta, ta janye zani har cinya tana shan rana a gwiwoyin. Ta ɗaga kai, sai ga ƙaton namiji tsaye a sama. Ta yi salati ta yunƙura za ta gudu, ƙafar ta ƙi, ta faɗi ta bugu da turmi. Siddiƙa ta ji ƙarar, ta faɗa ta ƙofar a guje, ta tarar da tsohuwa a ƙasa tana jan zani tana kuka. Ba zafin faɗuwar ne ya sa ta kuka ba. Cewa take yi, "Da tsufana, Siddiƙa? Da tsufana?"

Malam Kalilu mutum ne shiru-shiru, manya yake karantarwa a zaurensa, bai iya hayaniya ba. Amma in ya faɗi magana ya faɗe ta ke nan. Ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka kira Harisu. Siddiƙa ta ji yadda aka yi daga bakin Talatu, wadda mijinta yana wurin. Malam ya ce yanzu shari'a ake yi a ƙasar nan, in ya ga dama gaban alƙali zai kai maganar, amma ba zai kai ba saboda haƙƙin maƙwabtaka. Abu ɗaya yake so, a sauke dish daga soro. In ba a sauke ba, ranar Asabar magini zai zo ya ɗaga masa katanga, ya toshe ƙofar baya, domin gidan da ake leƙen iyalinsa daga cikinsa, iyalinsa ba su da hanya da shi.

Harisu ya ba da haƙuri, har da cire hula. Ya rantse a gaban mai unguwa da dattawa cewa daga yau ba shi ba, ba wani ba, babu mai taka tsaninsa sai gidajen nan uku sun amsa ɗaya bayan ɗaya. Amma saukewa? A'a. A ce an sa shi ya sauke dish, duk Daura ta ji? Ya ce, "Katangarsa ce, ya ɗaga ta har ta taɓo gajimare."

Da Siddiƙa ta ji, sai da ta nemi wuri ta zauna. Ta yi wa Harisu dambun zogale irin wanda yake so, ta bari ya ci ya sha ruwa, sannan ta durƙusa ta roƙe shi. Ya ce maganar maza ce. Ta ce wa zai gasa wa Iya ƙafa? Ya ce ta zagaya ta titi mana, ya ba ta izini. Kai, jama'a! Ta titi kullum safiya, da tukunyar ruwan zafi a ka, ta gaban mahauta da 'yan acaɓa? In Iya ta faɗi kamar rannan, sai ta tsaya neman hijabi da takalmi? Shi kansa ya san izinin nan ba zai yi mako ba zai fara ƙorafi. Ta koma wurin Iya ta ce ta lallashi Malam. Iya ta girgiza kai ta ce, "Shekara nawa ina tare da shi? Ya riga ya yi wa magini magana." Ta faɗi haka tana kallon gefe, ta kama zancen tsadar gero.

Siddiƙa ta yi kwanaki ba ta jin ɗanɗanon abinci. In ta sunkuya za ta wuce ta ƙofar sai ta dafa bangon ta ɗan tsaya.

Ranar Alhamis da yamma hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, ruwa ya zuba, iska ta yi ta kaɗa ƙyauren zaure. Da ta lafa, Siddiƙa ta ji Harisu yana salati a gaban talabijin. Dish ya juya, wannan karon har ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yi wa faɗa. Ga shi gobe Juma'a bayan la'asar akwai babban wasan ƙwallo, Harisu kuma ya cika baki a kara, kasuwar dabbobi, ya gayyato abokan fataucinsa har daga Zango su zo su gani a gidansa. Ya aika wa Ya'u, Ya'u ya ce yana da aiki da safe, sai an sauko daga masallaci zai zo. Juyawa ce kawai, in ji shi, ba za ta ɗauki lokaci ba.

Siddiƙa tana tankaɗe ta ji wannan. Ta tsayar da hannu. Sai ta ji wani abu ya faɗo mata a rai, har ta rufe baki da gefen zani don kada a ji dariyarta.

Da sassafe, Harisu na fita, ta taka turmi ta leƙa katangar dama ta kira Talatu. 'Yar Talatu ta zo gida wankan jego, ana yi mata safe da yamma. Siddiƙa ta ce, "Na yamman nan, ki bari sai kin ji kiran Ya'u sannan ki sauke ruwa." Ta koma katangar hagu ta kira Rabi, wata ƙatuwar mata mai dariya kamar ana juye kwanuka. Ta ce, "Yaushe rabonki da ƙunshi?" Rabi ta dubi ƙafafunta ta ce an kwana biyu. Siddiƙa ta miƙa mata ƙullin lalle ta kan katanga ta ce, "A tsakar gida za ki zauna, ƙafa biyu, bayan azahar."

Rabi ta gane, ta fashe da dariya. Siddiƙa ta ce, "Amma ku ji, kada wadda ta yi ƙarya. Wadda ba ta da uzuri ta ce a hau. Ba na son mu ɗauki zunubi a kan faranti."

Iya kuwa ba ta gaya mata komai ba, don ta san ba za ta yarda a haɗa baki da ita a bayan Malam ba. Ta dai ce mata yau itace ya jiƙe, gashin ƙafa sai yamma. Itacen kuwa ya jiƙe da gaske.

Bayan Juma'a baƙi suka cika zaure. An shimfiɗa darduma, an kawo fura da soyayyen nama, janareta na ruri a waje saboda kada wuta ta yi musu halinta. Cikinsu akwai Nagoggo, wani dillalin shanu daga Zango, siriri mai bakin tsiya, wanda in ya samu abin tsokana sai ya kai shi kasuwa uku. Talabijin na kunne, ba komai a fuskarta sai shuɗi. Harisu ya ce kada su damu, yanzun nan.

Siddiƙa ta riga ta kai wa Iya ruwan zafi, ta naɗe mata gwiwoyin da tsumma a tsakar gida, ta dawo ta shige ɗakinta. Ya'u ya jingina tsani ya gyara murya.

"Za a hau sama!"

Siddiƙa ce ta fara amsawa, da ladabinta. "A hau!"

Daga baya muryar Iya ta taso a raunane. "A dakata, ana gashi!"

Harisu ya ce ba komai, tsohuwa ce, a ba ta lokaci. Rantsuwar da ya yi tana wuyansa, ga maƙwabta zaune a dakali suna kallo. Aka jira. Aka ce a rediyon wani mai shago an take wasa. Ya'u ya sake kira. Iya ta lallaɓa ta shiga ɗaki, ta ce a hau. Ya'u ya ɗora ƙafa ɗaya.

"A dakata!" in ji Talatu daga dama. "Mai jego na wanka!"

Wanda ya san wankan jego ya san ba a yi masa gaggawa. Ruwa ne garwa guda yana tururi, a tsoma ganye a fyaɗa, a tsoma a fyaɗa. Suna jin ƙarar fyaɗawar daga zaure, da muryar yarinyar tana cewa wayyo Inna da zafi. Harisu ya shiga ya fita, ya shiga ya fita. Nagoggo ya ce, "Alhaji, shuɗin nan dai yana da kyau, wace tasha ce?" Zaure ya kwashe da dariya.

Da ƙyar Talatu ta ce a hau. Harisu da kansa ya ce wa Ya'u, "Yi maza!" Ya'u ya ce saura gida ɗaya, ya ɗaga murya.

"A dakata!" Muryar Rabi ta cika unguwar. "Na yi ƙunshi!"

Harisu ya manta da girma, ya yi magana da matar wani ta kan katanga. "Haba baiwar Allah, ki shiga ɗaki mana!"

"Da wace ƙafar, Alhaji? Duka biyun a ɗaure suke, in na taka ya ɓaci."

"To a ɗauke ki!"

"Wa zai ɗauke ni? Ni da yara ne kawai a gidan."

Duk wanda ya san Rabi ya san gaskiya ta faɗa. Ya'u ya tambaya yaushe lallen zai kama. Ta ce in Allah ya so, wajen magariba.

Harisu ya faɗo cikin gida hula a karkace, gumi har gemu. Ya ɗaga labulen Siddiƙa, ya same ta tana tsince shinkafa hankali kwance.

"Tashi ki je ki gaya wa matan nan su ji tsoron Allah."

Ta ce, "To, Alhaji. Bari in bi ta ƙofar Iya tun tana nan, daga can katangar Rabi ta fi gajarta. Gobe war haka sai dai a zagaya ta titi." Ta ajiye faifan ta miƙe. "Amma me zan ce mata? Hawan juyawa ne, ko na saukewa?"

Ya tsaya yana kallonta. Harisu ba wawa ba ne, mutumin da ke gane ragon da aka ɗura wa ruwa tun daga nesa. Ya ce, "Ke ce."

"Ni da na fara amsawa? Ka je ka duba, in akwai wadda ta yi ƙarya a cikinsu."

"Siddiƙa, ni za ki kunyata a gaban baƙi?"

Nan muryarta ta canza, wasan ya fita daga cikinta. Ta ce, "Alhaji, ranar da na haifi Sadiq kana kasuwar Zango. Jini ya ɓalle mini, ba kowa a gidan nan. Ta ƙofar can aka shigo aka tare ni. Yau matar nan ba ta iya ɗebo wa kanta ruwa. Kai kunyar yini ɗaya kake gudu, ni uwata za a rufe mini. Wallahi ban taɓa jin zafin abu a gidanka kamar wannan ba."

Ya saki labulen ya fita fuu. Siddiƙa ta koma ta zauna gaban faifai. Ta ce a ranta shi ke nan, ta ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba, ga ƙofa za ta tafi ga fushin miji.

Sai wani ihu ya taso daga can bakin kasuwa, inda samari ke kallo a wani shago, ihu irin na an zura ƙwallo. Tana jin Nagoggo daga zaure yana cewa, "An ci! Wa ya ci? Alhaji, tambayi dish ɗinka mana, ai shi yana sama, ya fi mu gani." Aka sake kwashewa. Wani ya ce su dai gara su ƙarasa bakin kasuwa. Ta ji ana jan takalma. Nagoggo ya ce shi bai yi asarar kuɗin mota ba, ya samu labarin da zai ba mutanen Zango, gidan da dish ya fi hasumiya tsawo amma sai an nemi izinin lalle.

Can sai ta ji takun Harisu a tsakar gida, ya tsaya a gindin tsani. Ya yi gyaran murya sau biyu. Sannan ya buɗe maƙogwaro irin yadda yake yi a kara in yana kiran farashi, har kajin gidan suka watse.

"Za a hau sama! Za a sauke dish!"

Tabɗi! Kafin ya rufe baki Talatu ta ce, "A hau!" Iya ta ce, "A hau!" Daga hagu aka ji wani gurji da nishi da ƙarar kwano ya kife, Rabi ce ke jan gindi zuwa ɗaki, ƙafafu a sama, da saurin da ba wanda ya taɓa zaton tana da shi. Ta kai bakin ƙofa tana haki ta ce, "A hau, a hau lafiya!" Talatu ta rangaɗa guɗa, Rabi ta karɓa, wasu matan can gaba da ba su san ma me ake ciki ba suka taya su.

Ya'u ya haye kamar biri, ya kwance noti, ya zuro dish da igiya Harisu ya tare. Suka haƙa rami a filin nan kusa da rumbu, suka kafa ƙarfe suka danne shi da duwatsu, siminti sai gobe. Baƙi suka fasa tafiya. Ya'u na juya dish a hankali, Nagoggo na gaban talabijin yana ba da rahoto da iyakar muryarsa.

"Ya kawo?"

"Bai kawo ba!"

"Yanzu fa?"

"Ya ɗan yi motsi, koma baya! Tsaya! Tsaya nan! Ya kawo!"

Zaure ya ɗauki sowa. An dawo daga hutun rabin lokaci ke nan, sun samu rabin wasa cif. Siddiƙa tana leƙe ta labule ta ji mijinta yana gaya wa baƙi cewa shi dama tun farko ya ce a ƙasa ya fi, iska ba ta samunsa. Ya'u yana naɗe waya bai ɗaga kai ba. Ita ma ta bar masa wannan, ai ba a hana namiji ɗan abin da zai rufe fuska da shi.

Ita kunnenta na katangar baya. Malam Kalilu bai ce komai ba tukuna, kuma shi ne mai maganar. Rana ta yi ja, baƙi suka watse, aka fara alwalar magariba. Siddiƙa na tsaye kusa da 'yar ƙofar da buta a hannu, ba alwalar take yi ba. Sai ta ji gyaran muryar Malam daga bakin zaurensa. Ba zai yi wa matar maƙwabci magana ba, don haka da matarsa ya yi, amma da ƙarfin da bai saba ba.

"Maijidda, na aika wa magini ya yi zamansa gobe."

Ya ja takalmansa ya tafi masallaci.

Siddiƙa ta yar da butar. Ta sunkuya ta faɗa gidan Iya tana guɗa tana rawa, mace da jikoki, ko kunya babu. "Iya! Kin ji? Iya, mun ci!" Tsakar gida ba kowa, ta ɗaga labule ta shiga ɗaki. Iya na zaune a bakin gado. A gabanta, a ƙasa, ga wani tulin kaya an rufe da tsohon zani, gefe ya yaye.

"Mene ne wannan, Iya?"

Iya ta ce, "Kayanki ne. Na ce in haɗa miki su kafin Asabar."

Siddiƙa ta janye zanin. Rariya ce, da ludayi biyu, da muciya, da tukunyar ƙarfe mai kunne ɗaya, da faifai, da kwalbar man shanu, da almakashi, har da wani ɗan kwanon sha da ta manta da shi a duniya. Da waɗannan gwiwoyin tsohuwar ta bi kusurwa-kusurwa ta tattaro su, ita kaɗai, ba ta gaya wa kowa ba.

Siddiƙa ta ɗaga rariyar ta ce, "Wannan ai taki ce."

"Taki ce."

"Taki ce, Iya. Ni na ara lokacin sunan 'yata Murjanatu, na dawo miki da ita."

"To tukunyar fa?"

Siddiƙa ta juya tukunyar ta duba gindinta. Wallahi ba ta sani ba. Iya ta ce, "Ni ma haka na yi ta yi. In ɗauka in ce nata ne, in ajiye in ce nawa ne. Na rasa gane nawa da naki, sai na zauna ina ta kuka a kansu kamar wata yarinya."

Siddiƙa ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta, suka yi kukan tare, suna yi suna dariya. Sannan ta share fuska ta miƙe, ta fara mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tambayi inda ake ajiye ko ɗaya ba. Rariya a ƙusa, ludayi a cikin ƙwarya, almakashi a ƙarƙashin katifa.

Iya ta ce, "Muciyar nan dai ki tafi da ita, ba ki yi tuwon dare ba."

Siddiƙa ta soke ta a bayan ƙyaure ta ce, "Bar ta nan. In na tashi tuƙi zan shigo in ɗauka."